Hanya da Gona: Yadda Ikilisiyar Katolika Ta Kafu a Birnin Katsina

A ranar 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Francis ya cire Katsina daga ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato, ya ba ta cin gashin kai, ya kuma naɗa Fada Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Da wannan hukunci cocin St. Martin de Porres da ke birnin Katsina ya tashi daga matsayin ikilisiya ɗaya cikin ikilisiyoyi ya zama mazaunin kujerar bishop, aka kuma keɓe sabon shugaban a watan Disamba na shekarar. Duk wanda ya san Katsina ta Gobarau da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, birnin da Musulunci ya zauna da gindinsa a fadarsa tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, yana iya tambaya ta ina wannan ikilisiya ta ɓullo har ta kai inda ta kai. Amsar da aka fi ji ita ce Turawa suka kawo ta, baƙi suka cika ta. A ganina wannan amsa ta ɗauki rabin labarin ta bar rabin da ya fi muhimmanci. Ikilisiyar ta samu jama'arta ta ƙofa biyu. Ta farko hanya ce, wadda ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga nesa. Ta biyu gona ce, wato ƙauyukan Maguzawa na kudancin ƙasar Katsina. Hanya ta cika benci, amma gona ce ta ba ikilisiyar harshe da asali a wannan ƙasa, kuma ba ta koma ga gonar da gaske ba sai da masifa ta tilasta mata.

Limaman Katolika na farko da tarihi ya rubuta zuwansu Katsina sun riga Turawan mulki da kusan shekara ɗari biyu, kuma ta sahara suka shigo. A 1710 wasu limamai biyu na ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria na Genoa da Severino na Silesia, suka tashi daga Tarabulus, saboda jita-jitar da ta kai Rum cewa akwai mutane masu rataya gicciye a wajen Borno da Kwararrafa. Suka bi ayari ta Fezzan zuwa Agadas, daga nan suka gangaro Katsina, wadda a lokacin take cikin manyan zangunan fataken sahara. A watan Agusta 1711 ciwo ya kama su, dukansu biyu suka rasu a nan, labarin kuma ya koma Tarabulus ta bakin fatake. Masanin tarihi Richard Gray ne ya tono wannan labari daga takardun Rum ya buga shi a 1967. Ba su gina majami'a ba, ba su bar almajiri ba, babu kuma wata igiya da ta haɗa su da cocin yau. Duk da haka tafiyarsu tana koyar da abu biyu. Na farko, birnin da ke karɓar Larabawa da Buzaye da Wangarawa bai rufe ƙofarsa ga baƙi biyu masu wani addini ba. Na biyu, liman shi kaɗai ba ya yin ikilisiya. Sai an sami jama'ar da ke zaune wuri guda, suna aure suna haihuwa suna binne mamatansu, sannan ake samun abin da zai ɗore.

Zaton cewa mulkin mallaka ya buɗe wa 'yan mishan ƙofar masarautu bai yi daidai da abin da ya faru ba. Bayan da Ingila ta ci Sakkwato da Kano da Katsina a 1903, Lugard, shugaban Turawan mulkin, ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka mai da alkawarin katanga: ba a yarda ɗan mishan ya yi wa'azi ko ya kafa tasha a cikin ƙasar sarkin Musulmi ba sai da izini mai wuyar samu. A tsawon sarautar Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, ilimin boko ya shigo Katsina ta hannun gwamnati da En'e, kuma Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 an yi ta ne domin 'ya'yan Musulmi su yi boko ba tare da sun bi ta makarantar mishan ba. Ƙofar da aka ɗan sassauta ita ce ta jinya, inda mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga a ƙarshen shekarun 1930. Su kuwa limaman Katolika na ƙungiyar SMA, da suka fara aikin Arewa daga Shendam a 1907, bin layin dogo suka yi suna neman mutanensu. Jirgi ya isa Kano a 1911, reshensa kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Tare da shi akawuna da direbobi da makanikai da wakilan kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka zo daga Kudu, da yawansu Katolika ne tun daga gida. Wannan layi bai bi ta birnin Katsina ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa nauyin Katolika a lardin ya karkata kudu, wajen Funtuwa da Malumfashi, birnin kuwa ya daɗe da 'yan tsiraru: ma'aikatan ofis da gidan waya, 'yan sanda, masu kanti. A irin waɗannan garuruwa jama'a kan riga Fada zuwa. Su taru ran Lahadi su yi addu'a da kansu, Fada ya zo jefi-jefi ya yi Misa da baftisma da ɗaurin aure, ya wuce gari na gaba.

Tsari na dindindin ya zo a 1953, lokacin da Rum ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina daga Kaduna ta damƙa su ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Chicago ta Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop da aka ɗaga yankin zuwa cikakken dayosis a 1964. Gusau ce ta zama cibiyar aikinsu, Sistocin Dominikan daga Kansas kuma suka biyo su da aikin asibiti da makaranta. Sawunsu na nan a sunayen majami'u: Vincent Ferrer na Malumfashi da Martin de Porres na Katsina duka waliyyan Dominikan ne. Martin, wanda aka haifa a Lima ta ƙasar Peru a 1579 ya rasu a 1639, ɗan wani basaraken Sifen ne da wata baƙar mace da aka 'yanta daga bauta. Ya yi rayuwarsa yana shara da aski da jinyar matalauta a gidan ƙungiyar, sai a 1962 Paparoma John na 23 ya tabbatar da shi waliyyi. Amma waliyyi baƙar fata a bakin ƙofa bai mai da cocin na gida ba. Misa da Latin ake yi, wa'azi da Turanci, masu sauraro kuma galibi Ibo ne da sauran mutanen Kudu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma 1966 ta gwada cocin da wannan magana. Kashe-kashen watan Mayu, waɗanda suka shafi Katsina da Funtuwa da Gusau, da na Satumba da Oktoba, sun sa Ibo sun kwashe zuwa Gabas, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, majami'un garuruwa suka zama kusan wayam. Bishop Lawton ya rasu a ƙarshen 1966, Michael Dempsey ya gaje shi a 1967 ya tarar da gine-gine da yawa, jama'a kaɗan.

A nan ne tarihin ya juya. Limaman da suka rage suna da zaɓi biyu, ko su zauna jiran dawowar waɗanda suka tafi, ko su mai da hankali ga mutanen da ba su da wani gidan da za su gudu zuwa gare shi. Maguzawa Hausawa ne tsantsa, manoman dawa da gero da auduga a ƙasashen Malumfashi da Kafur da Bakori da maƙwabtansu, waɗanda suka riƙe addinin kakanni na tsafi da iskoki har bayan jihadin da Ummarun Dallaje ya jagoranta a Katsina a farkon ƙarni na 19, suna biyan haraji suna zaune a manyan gidajensu na gandu a gefen garuruwa. Zuwa shekarun 1960 wannan zama ya soma wuya. Mota da kasuwa da makaranta da kotu duk suna tambayar mutum addininsa, kuma rangadin Musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi daga 1963 zuwa 1965 ya sa tambayar ta ƙara ƙarfi. Da yawa suka karɓi Musulunci, wasu suka shiga ECWA ko Angilikan ko Baftis, wasu Katolika. Abin da ya sauƙaƙa wa Katolika shiga wannan fage shi ne Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965 ta kuma yarda a yi sujada da harshen jama'a. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannu tun 1932, saura a sami masu karanta shi a ƙauye. Cibiyar horar da katikis ta Malumfashi ita ta cike wannan gurbi. Katikis manomi ne kamar maƙwabtansa, ya san gaisuwar dattawa da dangin kowa. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, ya jagoranci sujada idan Fada bai zo ba, ya sasanta miji da mata, ya yi addu'a a kan gawa, sau da yawa kuma shi ne malamin yaƙi da jahilci na unguwar. Fada ɗaya ba zai iya zagaya ƙauyuka masu yawa a damina ba, saboda haka ragamar yau da kullum ta koma hannun 'yan ƙasa tun kafin a sami limamai 'yan ƙasa.

Birnin ya ci moriyar wannan aiki na ƙauye bayan kusan shekara ashirin. A ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina daga Kaduna, birnin da jirgin ƙasa ya tsallake ya zama hedikwata. Sakatariya da ma'aikatu suka buɗe, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da asibitin tarayya da barikin soja da bankuna suka jawo ma'aikata, daga baya jami'o'i suka ƙara ɗalibai da malamai, 'yan bautar ƙasa kuma suna zuwa duk shekara. Ibo da suka dawo bayan yaƙi sun sake kafa shagunansu, mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai suka ƙaru, su kuma da Hausa suke sujada a gida. Tare da su 'ya'yan Kiristocin Malumfashi da Kafur da suka yi makaranta suka shigo babban birnin jiharsu neman aiki da karatu, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa a aljihu. Shugabanci ma ya sauya: Kevin Aje, ɗan Filato, ya karɓi dayosis ɗin Sakkwato daga Dempsey a 1984, Matthew Hassan Kukah ya gaje shi a 2011. Kuɗin gini kuwa, a irin wannan ikilisiya, daga baikon Lahadi da bikin godiyar girbi da gudummawar ƙungiyoyi yake fitowa, kuma Zumuntar Mata Katolika, da anko da ganga da waƙoƙinsu na Hausa, tana cikin ginshiƙan da ke riƙe ziyarar marasa lafiya da hidimar biki da ta'aziyya.

Mai ja da wannan bayani zai ce: ku leƙa cocin birni ran Lahadi ku ƙirga, har yau mutanen nesa sun fi yawa. Wannan gaskiya ne, ba kuwa abin ɓoyewa ba. Amma akwai tambayar da ke biye da ita: shekara nawa mutum zai yi kafin a daina ce masa baƙo? Katsina kanta amsar ce. Unguwannin tsohon birni cike suke da zuriyar Wangarawa da Barebari da Buzaye da Larabawa da fatauci ko karatu ya kawo, yau kuwa ba mai tambayarsu takardar shiga. Iyalin da kakansu ya zo aikin gidan waya, jikoki suka tashi suna jin Katsinanci, sun wuce matsayin masu wucewa. Bayan haka, ƙirgar benci ɗaya a birni ba ta auna dayosis. Abin da ke nuna ko coci ya kafu a ƙasa shi ne ko yana haifar da limamansa da malamansa daga cikin mutanen ƙasar, kuma naɗin Bishop Musa, wanda aka bayyana shi a matsayin Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika, bayan shekarun da ya yi yana koyarwa a Cibiyar Katolika ta Afirka ta Yamma da ke Fatakwal, shaida ce cewa hakan ya samu.

Ja na biyu daga wasu Musulmi yake zuwa, masu ganin kowane ci gaban coci ragi ne ga Musulunci, kuma asibiti da rijiya da makaranta tarko ne na kama talaka. Damuwar tana da tushe, domin a wurare da yawa na Afirka an taɓa haɗa magani da wa'azi ta yadda mara lafiya ba shi da zaɓi, kuma duk inda aka yi haka an yi kuskure. Sai dai tarihin Katsina bai goyi bayan tsoron ba. Bayan fiye da shekara saba'in na aiki mai tsari, Katolika ba su wuce ɗan ƙaramin kaso na miliyoyin mutanen jihar ba, birnin yana nan a Musuluncinsa, kuma jama'ar ikilisiyar ta fito ne daga waɗanda aka haifa Kiristoci da waɗanda kakanninsu ke bin addinin gargajiya. Dalilin da ya sa taimakon mishan ya yi tasiri a ƙauyukan Maguzawa shi ne an daɗe da barinsu a baya wajen makaranta da magani da hanya, kuma maganin wannan shi ne gwamnati da masu hali su kai musu. Ita ma Ikilisiyar Katolika ta sauya harshenta game da Musulunci: takardar Nostra Aetate ta 1965 ta ce tana kallon Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, kuma daga cikin Dominikan da suka yi aiki a wannan dayosis aka sami Joseph Kenny, wanda ya ƙware a Larabci ya koyar da ilimin Musulunci shekaru da yawa a Jami'ar Ibadan.

Ja na uku daga wasu Kiristoci ne, waɗanda ke ganin labarin gaba ɗaya na tsanani ne, babu wani abu a cikinsa sai haƙuri da wuta. Ba za a raina abin da suka gani ba. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Funtuwa da Katsina aka ƙona majami'u. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011 an sake ƙona wasu a jihar. A watan Mayu 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan limamai na St. Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello suka tafi da wani dattijon Fada, a Mayu 2022 kuma aka sace limamai biyu daga Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Kafur. Shugabannin Kiristoci sun daɗe suna kukan wahalar samun fili da takardar izinin gina majami'a, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, kuma kuka ne da ya cancanci amsa, tunda sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 bai bambanta mai rinjaye da ɗan tsiraru ba. Amma wanda ya tsaya a nan ya bar shekaru masu yawa da ba a ƙona komai ba, waɗanda a cikinsu Musulmi ya ba Kirista hayar gida da shago, suka yi ciniki da bashi, suka je wa juna suna da gaisuwar mutuwa. Ba don waɗannan shekaru ba da babu ikilisiyar da za a ɗaga. Masifar 'yan bindiga kuwa ba ta tambayar addini: yaran makarantar Ƙanƙara fiye da ɗari uku da aka kwashe a Disamba 2020 'ya'yan Musulmi ne galibi, kuma manomin Kafur, ko masallaci yake zuwa ko majami'a, gona ɗaya aka hana shi shiga.

Wannan haɗari na ƙauye shi ne ya sa hukuncin 2023 ya wuce gyaran taswira. Bishop da ke zaune a Sakkwato sai ya ratsa dazukan Zamfara kafin ya ga jama'arsa na Katsina, yanzu kuwa mai yanke shawara yana kusa da gwamna da sarki da malamai da zai yi magana da su, yana kuma kusa da ƙauyukan da ke zubewa. Idan bayanin da na kawo daidai ne, to a nan nauyin yake. Ikilisiyar birni tana da kuɗi da masu ilimi da murya, ƙauyukan da suka ba ta asali kuwa su ne ke fama da hari da talauci da ƙaura. Cocin da ya manta darasin 1966, ya mai da ƙarfinsa ga ƙawata gini a hedikwata ya bar katikis ba albashi, yaran Maguzawa ba makaranta, Hausa kuma ta koma Misar da ake yi wa marasa Turanci, zai sake dogara da jama'ar da canjin wurin aiki ko tashin hankali kan iya kwashewa cikin wata guda. Mu ma sauran Katsinawa akwai abin da tarihin ke nema a wurinmu: mu yarda cewa Bahaushen Kirista ɗan wannan ƙasa ne da hakkin fili da aiki da kariya daidai da na kowa, mu kuma tsaya masa a kan wannan hakki tun kafin ya roƙa.